Rubuta Rahoton Duba Wutar Lantarki a Manyan Gine-ginen Kasuwanci: Tambayoyi da Amsoshi

Filaza mai hawa huɗu, ko otel, ko ginin ofisoshi, ba ta rasa akwatunan rarraba wuta goma sha biyar zuwa talatin, waɗanda masu aikin wuta ke ce wa dibi. Wasu a ƙarƙashin matakala, wasu a bayan kantar ɗan haya, wani ma an yi fenti a kansa an manta da shi. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda masu gine-gine, manajoji da masu aikin wuta suka fi yi a kan yadda ake rubuta sakamakon duba irin wannan gini.

Mai aikin wutarmu ya zagaya ginin ya ce komai lafiya. Me ya sa sai an rubuta?

Saboda "lafiya" ba lamba ba ce, ba a iya gwada ta da ta bara. Rufin waya ba ya lalacewa a rana ɗaya. Layin da ya ba da 200MΩ a awon ƙarfin rufi shekara biyar da suka wuce, yau ya ba da 3MΩ, bai faɗi gwaji ba, amma yana kan hanyar faɗuwa, kuma babu mai sanin haka sai wanda ya riƙe tsohuwar takarda. Sannan ranar da aka yi gobara ko wuta ta ja wani, kamfanin inshora da masu bincike takarda za su nema, mai kwanan wata da sa hannu.

Dibi sun yi yawa. Daga ina ake farawa?

Daga raɗa suna. Kafin a ɗauko ko da mita ɗaya, a bi ginin tun daga inda wuta ke shigowa, a ba kowane akwati sunan da babu wani mai irinsa, a manna shi a jikin murfi da ciki. Na ciki ya fi muhimmanci, don murfi yakan ɓace, ko a musanya na wannan da na wancan.

Sunan ya faɗi matsayi da wuri. Babban akwati MDB-1. Wanda ke ciyar da hawa na biyu SDB-2. Ƙananan da ke ƙarƙashinsa 2-A, 2-B, 2-C. Layi na bakwai a kan fes na biyu (ɗaya daga wayoyin wuta uku da ke shigowa gini) a cikin 2-B sai ya zama 2-B/7L2. Kada a yi suna da ɗan haya. "Dibin shagon Alhaji" suna ne da zai mutu ranar da Alhaji ya tashi, rahoton kuma yana nan shekara biyar.

Daga nan sai zanen da ke nuna wanne ke ciyar da wanne: taransifoma, janareta, canjoba, babban akwati, kebul ɗin da ya fita zuwa kowane hawa da kaurinsa, da birekar da ke kare shi. Kada a amince da zanen da aka yi lokacin gini. A gine-ginen da suka haura shekara goma, akan tarar an ja wuta daga hawa na ɗaya zuwa wani ofis a hawa na uku ba tare da an taɓa zanen ba. Hanyar tabbatarwa ɗaya ce: a kashe birekar, a je a ga abin da ya mutu. Abin da aka tabbatar haka a rubuta "an tabbatar", abin da aka kwafa daga tsohon zane a rubuta "daga zane".

Me ake rubutawa a takardar kowane dibi?

Kowane dibi da takardarsa, ko da layi huɗu ne kawai a cikinsa. A saman takardar: sunansa, inda yake yadda baƙo zai same shi, akwatin da ke ciyar da shi, kaurin kebul ɗin shigowa, ƙarfi da nau'in birekar da ke can sama, fes ɗaya ne ko uku, da awon Zs (juriyar hanyar da wutar shot za ta bi) da na wutar shot a bakin akwatin.

A ƙasa, kowane layi da jerinsa: abin da yake ciyarwa, yawan soket ko fitilu, kaurin wayar wuta da na wayar ƙasa wadda ake ce wa at, yadda aka bi da wayar, nau'in bireka (B, C ko D), ƙarfinta, iyakar wutar shot da za ta iya yankewa, sai sakamakon gwaje-gwaje. Gurbin da babu komai a rubuta "babu layi". Idan aka bar shi fari, mai karatu ba zai san ko babu ba ne ko mantawa aka yi.

Wurin "abin da yake ciyarwa" nan ake yawan ha'inci. "Soket" kaɗai ba bayani ba ne. "Soket 8, shago 14 da 15, da firij na baranda" shi ne bayani.

Waɗanne gwaje-gwaje ake yi, kuma wace lamba ce ta ci?

Tsarin da aka fi bi a Najeriya ya samo asali daga ƙa'idar Birtaniya ta BS 7671 da ta duniya IEC 60364. Ana fara gwajin da wuta ke kashe, sannan na kunne.

Na farko, ɗorewar wayar at daga dibi zuwa ƙarshen layi, wanda ake rubutawa R1+R2. Wannan awon yana tona asiri. Wayar tagulla 2.5mm² tana da kusan 7.41mΩ a kowace mita. Layin mita 30, zuwa da dawowa, ya kamata ya ba da wajen 0.44Ω. In ya ba da 0.70Ω, ko dai akwai haɗin da ya saki, ko wayar ba ta cika kauri ba, ko sanholo ce aka yi wa rigar tagulla. A kankare bakin wayar da wuƙa, in fari ya fito an gano.

Na biyu, ƙarfin rufin waya, da 500V DC, kuma mafi ƙaranci 1MΩ. A cire fitilun LED, kwamfutoci da na'urar kare tsawa kafin a buga, in ba za su ciru ba a sauko 250V a rubuta cewa an sauko. Abin lura: idan aka auna dibi gaba ɗaya, lambar takan yi ƙasa ko da kowane layi lafiya yake. Layi goma masu 10MΩ kowanne, a haɗe 1MΩ za su ba da. Don haka a bayyana ko awon na layi ɗaya ne ko na taro.

Sai tabbatar da cewa ba a juya layif da nutiral ba, da jerin fes a akwatuna masu fes uku. Bayan an mayar da wuta, a auna Zs, a gwada kowace RCD, wato na'urar da ke yanke wuta in ta fara zurarewa zuwa ƙasa. Mai 30mA dole ta yanke cikin 300ms a kan 30mA ɗin. A rubuta ainihin lokacin, misali 24ms. Danna maɓallin gwaji da ke jikinta yana nuna tana motsi ne kawai, ba ya faɗin saurinta.

Mene ne Zs ɗin nan, kuma me ya sa iyakarsa ke canzawa daga layi zuwa layi?

Shi ne juriyar duk hanyar da wutar shot za ta bi, daga taransifoma zuwa wurin da aka samu matsala, ta dawo ta wayar at. In juriyar ta yi yawa, wutar shot ba za ta kai ta ture bireka nan take ba, jikin na'ura zai zauna da wuta har wani ya taɓa.

Bireka nau'in B tana son ninki biyar na ƙarfinta kafin ta faɗi nan take, C ninki goma, D ninki ashirin. Shi ya sa iyakar B32 take 1.37Ω, ta C32 kuma 0.68Ω. Da yake ana awo ne lokacin da waya ke da sanyi, ana ɗaukar kashi 80 cikin ɗari na iyakar: 1.10Ω da 0.55Ω. A sa iyakar da abin da aka auna gefe da gefe a takarda. Abin da ke yawan faruwa shi ne bireka B ta dami mutane da faɗuwa idan esi ya tashi, sai a cire ta a sa C ko D, faɗuwa ta daina, kowa ya ji daɗi, alhali an rage iyakar Zs da rabi ko fiye.

Ginin yana da wutar NEPA, janareta biyu da sola. Awo ɗaya ya wadatar?

Bai wadatar ba, kuma a nan rahotanni da yawa ke yin ƙarya ba da gangan ba. Fom ɗin da aka kwafo daga Ingila an tsara shi ne don ginin da wuta ke zuwa masa ta hanya ɗaya. Namu kuwa rabin yini a kan janareta yake.

Taransifoma mai 500kVA tana ba da wajen 722A, kuma idan aka yi shot a kusa da ita wutar kan kai 14kA zuwa 18kA. Bireka mai 6kA da aka sa a babban akwati kusa da ita na iya fashewa maimakon ta yanke. Janareta kuma matsalarsa akasin haka ce. Mai 100kVA yana ba da 144A, kuma ko wanda aka tsara don ya jure shot, abin da yake iya riƙewa bai wuce kusan ninki uku ba, wato wajen 430A. Bireka C63 tana son 630A kafin ta faɗi nan take. Ma'ana layin da ke da kariya a kan wutar NEPA yana iya rasa ta da zarar an juya canjoba. Inbata ma ta fi janareta rauni ta wannan fuskar.

Don haka a saman kowace takarda a rubuta wutar da ginin ke kai lokacin awo. A babban akwati da dibin kowane hawa, a yi awon a kan kowace wuta, a ware musu gurbi daban. A kuma rubuta ko canjoba mai ƙafa uku ce ko huɗu, da inda aka haɗa nutiral ɗin janareta da ƙasa. Janaretan da ba a haɗa nutiral ɗinsa da at ba, RCD ɗin ginin ba za su yi aikinsu a kansa ba.

Sannan a yi wa duk dibin da inbata ke ciyarwa alama babba a murfi. Mai aiki yakan kashe babban akwati ya ɗauka gini ya mutu, alhali layin kwamfutoci yana nan da wuta daga batir.

'Yan haya sun ƙi yarda a kashe musu wuta. Yaya za a yi?

A rubuta gaskiya. Rahoto yana da sashen iyakar aiki, a nan ake cewa: "Dibi 1-C, reshen banki, ba a kashe ba bisa buƙatar ɗan haya. An duba da ido, an auna Zs da zafi, ba a auna ƙarfin rufi ba." A gurbin awon da ba a yi ba a sa LIM, a faɗi wanda aka yi yarjejeniyar da shi. Cika gurbin da ">200MΩ" don takarda ta yi kyau zamba ce.

Ba a buɗe duk soket ɗin gini. Ana ɗaukar samfur, amma a rubuta kashi nawa da kuma waɗanne, don zagaye na gaba ya taɓa wasu. In samfurin ya nuna laifi da yawa, a faɗaɗa shi. Dibi kuwa ba a yi musu samfur, kowanne sai an buɗe shi. Ranar da kasuwa ba ta ci, ko bayan an tashi da dare, ita ce lokacin aikin kashewa, da kwaɗo a kan bireka da mabuɗi a aljihun mai aiki.

Me C1, C2, C3 da FI ke nufi?

Lambobin hukunci ne da ake sa wa kowane laifi a rahoto. C1, haɗari a fili yanzu: ƙarfe mai wuta da hannu zai iya kaiwa. Wannan ba a jiran rahoto, a kashe ko a rufe nan take, a sanar da manaja a rubuce a ranar. C2, abin da zai zama haɗari in wani abu ya faru, kamar layin da ba shi da at. C3, shawarar gyara. FI, akwai alamar matsala da ke son ƙarin bincike ba da jinkiri ba. C1 ko C2 ko da ɗaya ne, hukuncin rahoton shi ne wutar ginin ba ta gamsar ba.

Yaya ake rubuta laifi yadda mai gyara zai gane?

Wuri, abin da aka gani, dalilin da ya sa laifi ne, lambar hoto, lambar hukunci. Kwatanta waɗannan biyun. "Wayoyi sun yi zafi a hawa na biyu." Da kuma: "2-B/7L2, esi na ofis 21: waya 4mm² a kan bireka 32A, layi uku cikin bututu ɗaya a saman silin. Rufin wayar ya yi baƙi ya bushe tsawon yatsa biyu daga bakin bireka. Hoto 41. C2."

Na biyun ma yana da lissafi a bayansa. Waya 4mm² cikin bututu tana ɗaukar 32A ne a zafin 30°C, ita kaɗai. A 40°C ana ninkawa da 0.87, layi uku a haɗe da 0.70, abin da ya rage bai kai 20A ba. Duk wanda ya shiga saman silin a Sakkwato ko Maiduguri a watan Afrilu ya san 40°C ma rangwame ne.

Abubuwan da ido ke gani su ma a rubuta su da sunansu: ƙurar hunturu da ta yi kauri a kan basba (sandar ƙarfen da ke rarraba wuta a cikin akwati), gawar tsaka a tsakanin fes biyu, gidan zanzaro a kusurwa, ramin da aka fasa a ƙasan akwati aka bar shi ɓera na shiga, fis ɗin da aka ɗaure da waya, wayoyi uku a baki ɗaya na bireka, katan ɗin kaya da aka jibge a gaban murfi. A ɗauki hoto biyu, na nesa mai nuna sunan dibi, da na kusa.

Hoton zafi ba zai iya maye gurbin duk wannan ba?

A'a. Kyamarar zafi tana gano haɗin da ya saki da fes ɗin da aka yi wa lodi, ba ta ganin wayar at da ta katse ko RCD da ta ƙame. Kuma hoton ba shi da amfani in ba a rubuta lodin da ke kan layin ba. A ɗauka lokacin da gini ke aiki sosai, aƙalla kashi 40 cikin ɗari na lodinsa, murfi a buɗe, a rubuta abin da kilam mita, mai auna lodin waya, ta nuna a kowane fes da nutiral, da zafin ɗakin. Bambancin da ya wuce 15°C tsakanin baki biyu masu lodi iri ɗaya gyara yake so da gaggawa.

A kula da nutiral. A ginin da ya cika da kwamfutoci, LED da caja, nutiral kan ɗauki wuta mai yawa ko da fes uku sun daidaita. In ya saki a dibin hawa, wasu shaguna sai su ga wuta ta doshi 400V, kaya su ƙone, a ɗora wa kamfanin wuta laifi.

Wayoyin tsohon sashen gini ja da baƙi ne, na sabon ruwan ƙasa da shuɗi. Sai an rubuta?

Sosai. A tsohon tsari fes ja ne, rawaya da shuɗi, nutiral baƙi. A sabon tsari fes ruwan ƙasa ne, baƙi da toka, nutiral shuɗi. Wato baƙi da shuɗi sun yi musayar aiki. Duk dibin da launukan biyu suka haɗu a ciki, a rubuta a takardarsa, a manna gargaɗi a murfinsa.

Awon sandar at ya canza daga na bara. Kuskure aka yi?

Wataƙila a'a. Ƙasa mai danshi ta fi busasshiya karɓar wuta, don haka awon Agusta ya fi na Maris kyau. A rubuta wata da yanayin ƙasa, da hanyar da aka bi wajen awon. Lambar da za a dogara da ita ita ce ta rani. Zuba ruwa da gishiri a ramin da safen ranar awo yaudarar kai ce. Inda kariya ta dogara ga RCD da sandar gida, lissafi yana barin lamba mai girma, amma duk abin da ya haura 200Ω ba a ɗaukarsa mai tabbas.

Takarda ko kwamfuta?

Duka biyun. Kwafin jerin layuka cikin leda a bayan murfin kowane dibi, cikakken rahoto a ofishin manaja, da fayil a kwamfuta wanda sunan kowane hoto ya fara da sunan dibi. Rahoton mallakar mai gini ne. In ya zauna a wayar mai aikin wuta, ranar da aka ɓata da shi an rasa tarihin ginin. A ajiye tsofaffin rahotanni, kada sabo ya kori tsoho. Duk gyaran da aka yi bayan rahoto a rubuta ranarsa da sabon awo a gaban laifin.

Bayan shekara nawa ake sakewa, kuma wa ke sa hannu?

Jagorar Birtaniya ta ba ofisoshi, shaguna da otel shekara 5 a matsayin iyaka, masana'antu 3, gidan mai 1. Iyaka ce, ba dole a kai ta ba. Filazar da 'yan haya ke canzawa duk shekara, kowa ya zo da mai aikin wutarsa, ba ta dace da shekara biyar ba. Mai duba ne ke rubuta ranar dawowa bisa abin da ya gani.

A Najeriya hukumar NEMSA, wadda aka kafa da dokar 2015, ita ke da alhakin duba kayan wuta da ba masu aikin shaidar ƙwarewa, NERC kuma, hukumar da ke tsara harkar wutar lantarki, ta fitar da ƙa'idojin NESIS na samar da wuta da girka kayanta a shekarar. Mai sa hannu ya rubuta sunansa da lambar shaidarsa. Gara kuma kada ya zama shi ne wanda ya ja wutar ginin ko yake kula da ita kullum.

Injiniya, ni ba ma'aikacin wuta ba ne. Ta yaya zan gane rahoton da aka cika a kan tebur?

Ƙirga dibin gininka, ka ƙirga takardun. Sannan ka duba jerin Zs: layin da ke kusa da dibi da wanda ke ƙarshen baranda ba za su ba da lamba ɗaya ba, kuma Zs na layi ba ya yin ƙasa da na dibin da ke ciyar da shi, haka na hawa na huɗu ba ya yin ƙasa da na babban akwati. RCD ashirin da duk suka yanke a 30ms cif abin tambaya ne. Duba ko an rubuta lambar jikin na'urorin awo da ranar da aka daidaita su, wanda aka saba yi duk shekara. Tambayi 'yan haya ko an kashe musu wuta a ranar da takarda ta ce an auna rufin wayarsu. Dibi talatin a yini ɗaya da mutum biyu ba ya yiwuwa.

Daga ƙarshe zaɓi layi ɗaya daga rahoton, misali 3-A/5L1, ka je da wanda ya sa hannu, ka ce ya kashe birekar, ka ga ko fitilun da takarda ta ambata su ne suka mutu.